Kafin Ka Haɗa Kifi Biyu A Ruwa Ɗaya, Duba Bakinsu

Kwanakin baya wani matashi daga cikin ƙungiyar manoman da nake zagayawa a nan Argungu ya tare ni, ya ce in zo in duba masa kifinsa. Na ɗauka fadama za mu, sai na ga ya shige da ni zauren gidansu. Ashe akwatin gilashi ne, cike da irin ƙananan kifayen adon nan masu wutsiya launi-launi da ake kira gupi. Ya saye su ne da niyyar su hayayyafa ya riƙa sayar wa masu shaguna da ofisoshi a Birnin Kebbi. Ya ce mini, "Malam, wata biyu ke nan. Kullum ina ganin matan da ciki, in gari ya waye cikin ya sace, amma ɗiyan ba su nan."

Ban daɗe ina dubawa ba na hango dalili kwance a bayan dutse. 'Ya'yan tarwaɗa ne guda biyu, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Wai wani ne ya ba shi shawara ya saka su don su riƙa share dattin da ke sauka ƙasa. Na ce masa ai kuwa suna sharewa, har da abin da ba ka sa su ba.

Na kawo wannan labari ne don kuskuren da ya yi a ruwan da bai kai jarka uku ba, shi ne dai wanda nake gani a kandamin da aka kashe dubban ɗaruruwan naira. Manomi ya tara iyayen karfasa don ya samu iri, sannan ya ga kandamin ya yi masa faɗi, ya ce bari in jefa tarwaɗa kaɗan kada wuri ya zauna a banza. Wani kuma akasin haka ne: karfasar sayarwa yake so, ya bar ta ita kaɗai, bayan wata shida ya ja koma ya tarar da kifi dubu-dubu amma babu wanda ya kai tafin hannu. Na farko ya saka mai ci inda bai kamata ba, na biyu ya rasa mai ci inda ake bukatarsa. Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ba "wane kifi ne ke zaman lafiya da wane" ba ce. Tambayar ita ce: me nake so ruwan nan ya ba ni, 'ya'ya ko nama?

Mu fara da akwatin gilashi

Gupi asalinsa daga arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne da tsibiran da ke kusa, irin su Tirinidad. An yaɗa shi ƙasashe da yawa saboda yana cin tsutsar sauro. Ba ya yin ƙwai kamar karfasa, haihuwa yake yi, ɗan ya fito yana iyo. Mace tana ɗaukar ciki kimanin mako uku zuwa huɗu, kuma da ta sauke ba ta daɗewa take sake ɗauka. Matsalar ita ce jaririn ƙanƙane ne ƙwarai, kusan duk wani kifi mai baki zai iya haɗiye shi, har uwar da ta haife shi.

In kana son ka ga 'ya'ya, mafi sauƙi ka bar gupi su kaɗai, namiji ɗaya ga mata biyu ko uku don kada mazan su gajiyar da mace guda. Ka cika gefe ɗaya da ciyawar ruwa mai duhu inda jarirai za su ɓuya, ko ka kwashe su zuwa wani mazubi da zarar ka gan su. In dole sai ka ƙara wani abu, dodon koɗi ba ya taɓa su, haka ma ƙananan kifayen ƙasan nan da masu sayarwa ke kira kori, masu ɗan ƙaramin baki da ke duban ƙasa. Amma jan kifin nan na zinariya, da mai faffaɗan jiki da ake kira enjel, da duk wani ɗan kifi da yaro ya kamo daga gulbi, ka nisanta su. Kuma don Allah, ranar da ka gaji da su kada ka juye su a Matan Fada ko wani rafi. Baƙon kifi mai saurin haihuwa in ya shiga ruwa ba ya fita.

To, mu koma inda kuɗin yake.

Kandamin iri: a nan ba a son baƙo

Karfasar da muka fi kiwo tana da wata ɗabi'a da ya kamata kowane mai kandami ya sani. Namiji ne ke haƙa ɗan rami a ƙasan ruwa kamar kwano, ya tsare wurin. Mace ta zo ta zuba ƙwai, ya barbare su, sai ta kwashe su duka cikin bakinta. Nan za ta riƙe su har su ƙyanƙyashe, ta ci gaba da riƙon 'ya'yan, jimilla mako ɗaya zuwa biyu, kuma duk tsawon lokacin kusan ba ta cin abinci. Mace mai nauyin giram 100 tana yin ƙwai wajen 100 a zubi ɗaya, wadda ta kai giram 600 zuwa kilo ɗaya kuma tana iya yin 1,000 zuwa 1,500.

Ka ga ke nan uwar ta yi nata ƙoƙarin. Haɗarin yana farawa ne ranar da ta sake su. Za ka gan su da safe sun yi gungu a bakin ruwa inda ba zurfi, baƙi-baƙi kamar an watsa ƙwayar gero. A wannan matakin ba su da ƙaya mai ƙarfi, ba su da gudu. Tarwaɗa kuwa da dare take farauta, ba ido take bi ba, gashin bakinta ne ke nuna mata abinci. Shi ya sa manomi zai rantse maka bai taɓa ganin tarwaɗarsa ta ci ɗan kifi ba. Gaskiya ya faɗa, domin lokacin da take yi yana barci.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta cin 'ya'ya ba ce kai tsaye. Tarwaɗa mai tonon ƙasa ce, tana rusa ramin da namiji ya haƙa, tana dama ruwa. Mace mai ƙwai a baki in aka firgita ta takan tofar da su, kuma wanda aka tofar ya tafi.

Saboda haka a kandamin iri shawarata ɗaya ce: iyayen karfasa kawai, namiji ɗaya ga mata biyu ko uku. Ba tarwaɗa, ba ramboshi, ba haɗin su biyun nan da ake sayarwa wanda ya fi kowa haɗama. Ko guda ɗaya kada ka ce ba komai.

Wani abin da mutane ba su cika yarda da shi ba sai sun gani: babban maƙiyin jaririn karfasa sau da yawa yayansa ne. 'Ya'yan da suka yi wata ɗaya suna cin waɗanda aka saki jiya. Shi ya sa kandamin iri kan ba da 'ya'ya da yawa a farko, sannan ya yi ta raguwa alhali iyayen na nan lafiya. Maganin shi ne kwasa a kai a kai. Ka bi gefen ruwa da safe da raga mai laushi ka ɗebe gungun, ka kai su wurin reno dabam, kuma kada ka haɗa zubin wannan mako da na makonni uku da suka wuce. Wanda ba shi da kandami na biyu yana iya ɗinka hafa, wato ragar nan mai kusurwa huɗu kamar gidan sauro da aka kifar, ya kafa ta da sanduna cikin kandamin. Tela na unguwa zai ɗinka maka in ka nuna masa awo.

Masu renon 'ya'yan tarwaɗa kuwa sun san wannan fiye da kowa. Cikin zubi ɗaya za ka ga wasu ƙalilan sun yi wa 'yan'uwansu fintinkau a girma. Ba albarka ba ce, cin 'yan'uwansu suke yi. In ba ka tace kana ware su duk mako ko mako biyu ba, dubu biyar da ka saya za su koma abin da za ka ƙirga da hannu, kai kuma kana zargin wanda ya sayar maka.

Kandamin nama: a nan mai ci abokinka ne

Yanzu juya maganar. Karfasa a kandami tana fara haihuwa tun tana wata biyar zuwa shida, wani lokacin tun ba ta wuce giram 30 ko 40 ba, kuma in ruwa da ɗumi ba ta hutawa. Abincin da ka zuba don kifi 400 sai ya zama kifi dubbai ne ke rabawa. Ruwa ya cika, girma ya tsaya. A kasuwa kuwa, daga nan har Yauri, mai saye girma yake dubawa. Tarin ƙananan sai dai a auna a kwano a ba ka abin da aka ga dama.

Hanya ɗaya ita ce ka zuba maza zalla, don namiji ya fi mace saurin girma nesa ba kusa ba. Ana iya tantancewa da hannu in kifin ya kai giram 30 zuwa 50: ka juya cikinsa, bayan dubura akwai ɗan tsiro, na namiji ƙofa ɗaya gare shi, na mace biyu. Amma ko gwani yana kuskure, kuma mata biyar da suka sulale cikin ɗari sun isa su cika maka ruwa. Nan ne tarwaɗa ke da amfani. Ita za ta riƙa cinye 'ya'yan da ba ka so, ta mayar maka da su nama, ka girbi kifi iri biyu a ruwa ɗaya.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan mutane suka fi faɗuwa. Kada ka zuba su rana ɗaya da girma ɗaya. Tarwaɗa ta fi karfasa saurin girma, in suka tashi tare, kafin wata biyu bakinta ya isa haɗiye karfasar da ka saya da kuɗinka. Ka fara zuba karfasa, ka ba ta kamar mako shida zuwa takwas, sai ta kai faɗin yatsu uku, ƙayar bayanta ta yi ƙarfi. Sannan ka kawo tarwaɗa 'yan tsawon yatsa, masu girma ɗaya. Kafin karfasa ta fara sakin 'ya'ya, tarwaɗar ta yi bakin cin jarirai amma ba ta yi na cin iyaye ba.

Yawan fa? Ni abin da nake ba manomanmu shi ne tarwaɗa ɗaya ga karfasa biyar zuwa goma. Misali kandami mai mita 10 a mita 20, murabba'in mita 200 ke nan. In ka zuba karfasa biyu a kowane murabba'in mita, 400 ke nan, sai ka bi su da tarwaɗa 40 zuwa 80. In mazan ka tantance, tsaya a ƙasa-ƙasa. In gauraye ka zuba, matsa sama.

Wani sirrin kuma: tarwaɗa malalaciya ce in ta ƙoshi. In kana watsa mata abincin kamfani safe da yamma har ta bari, ba za ta wahalar da kanta bin ɗan kifi ba, kuma wajen cin abincin ma za ta ture karfasa gefe. Irin wannan haɗin ya fi kyau a kandamin ƙasa da aka yi wa taki ruwansa ya yi kore, karfasa na tace abincinta daga ruwan, kana ƙara mata dusar shinkafa da rana. Dusa kuwa ba abin nema ba ce a garin nan.

A tankin siminti ko na tamfol da aka cunkusa tarwaɗa, ban ba ka shawarar saka karfasa ba sam. Tarwaɗa tana leƙowa sama ta shaƙi iska, don haka tana jure ruwan da ya lalace. Karfasa ba ta da wannan baiwar. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, da asuba iskar cikin ruwa ke yin ƙasa. Za ka fito ka tarar tarwaɗa na harkarta, karfasa kuwa ta yi sama da ciki.

Kifayen gulbinmu

Mu mutanen Kabi ba a koya mana sunan kifi. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu aka yi masa su, bikin kamun kifi ya zama abin da duniya ta san mu da shi, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Wannan sabon da muka yi da gulbi ne ke sa manomi ya ga ɗan kifi mai kyau a homar masunci ya ce a ba shi ya jefa a kandami. To, ba kowanne ba.

Balli shi ne wanda na fi yabo. Duk girman jikinsa bakinsa ƙarami ne, abincinsa ƙananan halittun ruwa ne da ƙwari da 'ya'yan ciyawa da abin da ya ruɓe a ƙasa, ba mafaraucin kifi ba ne. Yana shaƙar iska a sama, yana girma da sauri, yana zama da karfasa lafiya a kandamin nama. 'Yan kaɗan sun isa, don yana son fili, kuma yana tsalle, sai ka ɗaga gaɓar kandamin. In kuma shi kake so ya hayayyafa, da damina yake gina sheƙa zagayayya cikin ciyawar bakin ruwa, iyayen su riƙa rakiyar 'ya'yan a gungu. Ka bar masa ciyawa a kusurwa ɗaya, ka kuma raba shi da tarwaɗa, don gungun nan abincin dare ɗaya ne gare ta.

Giwan ruwa kuwa, a bar shi a Matan Fada ya ci wa mai rabo kyauta. Kifi ne abincinsa tun yana ƙarami, yana son ruwa mai faɗi da wadatar iska, kuma ba ya tsayawa kan jarirai, in ya girma har iyayen zai bi. Yauni ma haka, tsage kuwa ba a ma maganarsa. Tufi ana amfani da shi a wasu wurare a Afirka ta Yamma don rage 'ya'yan karfasa, kuma ya fi tarwaɗa naci wajen farauta, amma ƙalilan ake sakawa, kuma a kandamin nama kawai.

Ita kanta karfasar gulbi ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai jan ciki wadda ba ta riƙon ƙwai a baki, a ƙasa take manna su, tana yin su da yawa kuma ba ta girma kamar wadda muke kiwo. In ka ɗebo iri daga gulbi ba tare da tantancewa ba, ita za ta mamaye maka ruwa. Iyayen da za ka kafa kandamin iri da su gara ka nemo daga wurin ƙyanƙyasa da aka sani. Ƙungiyoyi na iya haɗa kuɗin mota su tura mutum ɗaya, ko su nemi bayani ta hannun malaman gona na KARDA ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa. Duk kifin da ya fito daga gulbi kuma, ko balli ne, ka ajiye shi dabam na mako biyu kana dubawa. Matsattsaku da ƙwarƙwatar kifi da cututtukan fata ta haka suke shigowa. Komar da aka ja a kandamin wani ma a shanya ta ta bushe sarai kafin ta shiga naka, musamman ku 'yan ƙungiya da ke karɓa-karɓa da koma ɗaya.

Baƙin da ba kai ka gayyato ba

Sau da yawa manomi zai ce mini bai saka komai ba, kuma da gaske bai saka ba. Amma kandaminsa a fadama yake. Ruwan da injin ke jawowa daga gulbi yana zuwa da ƙwai da 'ya'yan kifi iri-iri. Ka ɗaura raga mai ƙananan idanu a bakin bututun shiga, ka riƙa wanke ta. Tarwaɗa kuma tana tafiya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare in an yi ruwan sama, daga kandamin maƙwabcinka zuwa naka. Shingen raga mai tsawon gwiwa da aka binne gindinsa yana tare ta, yana rage kwaɗi da guza da macizai. Zalɓe kuma sai zare ko raga a sama. Wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san akwai shekarar da babu shingen da zai yi aiki. In ruwa ya haye gaɓarka, ko da kifinka bai fita ba, ka ɗauka baƙi sun shiga, ka daina lissafa wannan kandamin a matsayin na iri sai ka zubar da ruwansa ka ga abin da ke ciki.

Sai gaiwa. Ita ce ta fi ba ni wahalar fahimtar da mutane. Manomi ya kwashe ruwa, ya ga ƙasa ta bushe, ya ce ai ba sauran rai. Alhali gaiwa ta shige cikin laka ta naɗe kanta da majina, tana iya yin watanni a haka tana jiran ruwa. Ranar da ka cika kandami ka zuba 'ya'yanka, ita ma ranar take farkawa da yunwar rani guda. Tarwaɗa ma tana iya maƙalewa a lakar da ba ta gama bushewa ba. Don haka shanya ta gaske ake yi, har ƙasa ta tsattsage, a bi ramuka da gefen gaɓa a tone, duk inda aka ga ɗan huji a laka a bincika, sannan a barbaɗa laim na gona, a ba shi kwanaki kafin a sake ruwa. Kada wani ya ruɗe ka da gamalin ko maganin ƙwarin shinkafa wai don a kashe ragowar kifi. Guba ce da ke zama a ƙasa ta shiga naman da iyalinka za su ci, kuma doka ta hana kashe kifi da guba.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aikin shi ne hunturu. Karfasa ba ta zuba ƙwai sosai sai ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 24, saboda haka a Disamba da Janairu kandamin iri dama hutu yake yi, ba abin da za ka yi asara in ka kwashe iyayen ka ajiye su a hafa, maza dabam mata dabam, ka bar iska ta busar maka da ƙasa. In ka sake cika ruwa, kafin ka mayar da su, ka kafa ƙugiya uku ko huɗu da tana ko hanjin kaza a kusurwoyi ka bar su kwana biyu, ka kuma zagaya da tocila bayan isha'i kana haska gefen ruwa. In ƙugiya ta kwana da abincinta, mayar da iyayenka. In an cinye, akwai sauran aiki.